Yadda Na-Iya Ya Farfaɗo da Ciyawar Gwaggo

A gidan hayar Gwaggo babu wanda ya san abin da Na-Iya bai iya ba, domin shi kansa bai taɓa cin karo da abin ba. In rediyonka ya yi shiru, ya iya. In haƙorinka na ciwo, ya iya. Kafin ka rufe baki daga faɗin damuwarka ya riga ya bugi ƙirji ya ce, "Wannan ai na iya," har laƙabin ya manne masa, sunansa na gaskiya ya ɓace. Sana'arsa ta ainihi sayar da kwaɗuna da batiran agogo ce a wani ɗan shago a bakin titi, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse da shawararsa aka kafa duwatsu. Fankar maƙwabcinsa Tela da ya gyara tun bara take juyawa da baya, tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin tana kai wa rufi.

Gidan bene ne, sassa-sassa, sun kewaye wani fili na ciyawa a tsakiya. Ciyawar nan ita kaɗai ce abin tinƙahon gidan. A kanta mata ke shimfiɗa tabarma da yamma, a kanta yara ke birgima, a kanta maza ke miƙe ƙafa in ɗakuna sun koma tanda. To, a shekarar nan zafi ya zo da fushinsa. Sama ta wanke tas, ko ɗigon gajimare babu, rana tun hantsi take dukan ƙasa ba sassauci. Ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, in ka taka ta sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar kana tafiya a kan ɓawon gyaɗa.

Ana cikin haka Gwaggo mai gidan ta zo duba kayanta. Gajeruwar tsohuwa ce mai sanda da kaifin harshe, a wata unguwa take zaune, kuma duk ranar da ta zo har ƙadangarun gidan sai sun natsu. Ta tsaya a bakin filin ta tsokani ciyawar da sanda.

"Wannan ciyawa ce ko gemun tsoho?" in ji ta. "Ni na gaji. Magini zan kira ya malale wurin da siminti, in ja layi in ba masu motoci su riƙa ajiyewa."

Hankalin kowa ya tashi. Sista, ma'aikaciyar asibitin da ke hawa na sama, ta rusuna ta ce, "Gwaggo, ki yi mana haƙuri. Ba mutuwa ta yi ba, barci take. Duk shekara haka take yi, da ruwa ya sauka za ta tashi. In kika zuba siminti ina yaran nan za su sha iska?"

Gwaggo ta taɓe baki, amma kowa ya ga ta fara saukowa. Har ta juya za ta tafi tana cewa to a bari a gani, sai aka ji gyaran murya daga baya.

"Barci?" in ji Na-Iya, yana ture mutane yana shigowa gaba. "Ciyawa ce ko maigadi? Gwaggo, kada ki saurari zancen masu allura. Ciyawar nan jinya take so, kuma wannan ai na iya. Ki bar ni da ita. Ki dawo ƙarshen wata, in ba ki same ta kore shar kamar filin ƙwallon da ake nunawa a talabijin ba, ki zuba simintinki, babu mai cewa uffan."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Ba kai ne ka gyara mini famfon banɗaki ya koma yi wa rufi wanka ba?"

"Ƙarfin ruwa ne ya yi yawa, Gwaggo, aikina lafiyarsa ƙalau."

"To na ji. Ƙarshen wata. In na ga kore, ciyawa ta zauna, kai kuma ka zama wakilina a gidan nan. In na ga wannan gemun, siminti."

Motarta na fita Tela ya riƙe kai da hannu biyu. "Tsohuwa ta haƙura da kanta, kai ka je ka ɗauko wa'adi ka rataya mana a wuya! Wa ya aike ka?"

"Tela, kai dai ka tanadi yadi mai kyau," in ji Na-Iya. "Wakili ba ya yawo da irin rigunan nan."

Ya hau sama yana jin ƙarar makullan gidan duka a aljihunsa tun kafin a ba shi. Ya tarar da matarsa tana tsince shinkafa, ta riga ta ji komai ta taga.

"Maigida," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "furen roba na sayo na ajiye a ɗakin nan, ka ce za ka goge shi, ganye biyu suka rage. Yanzu kuma mai rai ka samu?"

"Uwargida, ke dai ki fara koyon tafiyar matar wakili."

"Tafiyar neman wani gidan haya zan fara koya."

Washegari ya fara jinya. A hikimarsa, mai ƙishirwa ba a ba shi ruwa sai lokacin da ƙishirwar ta fi cin sa, kuma kowa ya san da tsakar rana ƙishirwa ke kai maƙura. Don haka ya jira sai da rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya rufe shago ya dawo gida. Ya jona tiyo da babban tankin da ke kan rufi, wanda duk gidan ke sha da wanka daga cikinsa, ya buɗe famfo har ƙarshe. Ruwa na taɓa ƙasa yana tashi tururi. Shi kuwa yana tsaye da malafa da tabarau baƙi, hannu ɗaya a ƙugu, yana kaɗa tiyo kamar mai ba motoci hannu. Bai daina ba sai da tiyon ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Ba a jima ba ƙofar Tela ta buɗe da ƙarfi. Ya fito daga shi sai tawul, kumfar sabulu tun daga kai har ƙirji, ido ɗaya a rufe.

"Wane mara tsoron Allah ne ya shanye tanki?"

"Ba shanyewa aka yi ba, magani aka yi da shi," in ji Na-Iya.

"To ni da me zan ɗauraye?"

"Ka tsaya a rana ta bushe, sai ka karkaɗe. Kai ba ka san sadaukarwa ba ne?"

Sista ta dawo daga aiki a gajiye ta murɗa famfo, famfo ya yi mata huci. Ta leƙo daga bene ta ga filin ya riga ya bushe ƙayau kamar ba a taɓa ɗiga masa komai ba, ta ce, "Na-Iya, ruwanmu ka ba ciyawa ko ka ba rana?"

Ranar kowa da bokiti ya fita maƙwabta roƙon ruwa, har da matarsa, wadda ta ratse ta gabansa ba ta ko kalle shi ba. Aka sa wa famfon tanki kwaɗo, kuma don a ƙona masa rai ba a shagonsa aka sayo ba.

Na-Iya bai karaya ba. Ya zagaya filin hannu a baya, ya tsuguna ya ciro tsinke ɗaya ya ɗaga shi ga rana, ya girgiza kai. "Na gane. Ba ƙishirwa ba ce, yunwa ce."

Ya je kasuwa ya sayo buhun takin zamani. Mai takin ya ce masa ɗan barbaɗawa ake yi sama-sama, kuma ba a cikin irin wannan zafin ba.

"Malam, kai sayarwa ka iya, ni aiki na iya," in ji Na-Iya. "Wanda ya yi wata da watanni bai ci ba, da cokalin shayi za ka ba shi abinci?"

Ya farke bakin buhu ya juye shi kaf, ya baje da ƙafa, fili ya yi fari fat kamar an zubar da gishiri. Kwana kaɗan ciyawar da take ruwan ƙasa ta koma baƙa, wuri-wuri ta murmushe, ƙasa ta fito fili. Mutanen gidan suka taru suna kallo kamar an zo gaisuwar mara lafiya.

"Ka ƙona ta," in ji Tela.

"Kai dai zare ka sani. Tsohon gashi ne yake zubewa, sabo na nan tafe daga ƙasa."

"Haka kawuna ya ce da sanƙonsa ya fara. Har ya koma ga Allah muna jiran sabon."

Maganar ta ɗan sosa shi, amma kafin ya kai ƙofar ɗakinsa ya gano inda matsalar take. Takin kanti ne ya yi wa ciyawar nauyi, na gargajiya take so. Ya tafi wata gonar kaji a bayan gari ya ce a ba shi kashin kaji, kuma kada a kuskura a ba shi busasshe, ɗanye yake so mai cikakken ƙarfi. Mai gonar, wanda ya daɗe yana neman inda zai kai wannan masifa, ya cika masa mota har da gyara, ya raka shi da addu'a.

Da motar ta iso, Na-Iya ya ce shi zai ba direba hannu. "Taho, taho, taho, karya dama, a'a hagu, taho, sauke!" Direba ya sauke. Rabin kayan ya zube a kan ciyawa, rabin ya toshe ƙofar shagon ɗinkin Tela da ke ƙasan bene. A daidai lokacin wata mata tana ciki tana gwada sabuwar riga. Sai ta taga aka fito da ita, kuma ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗauka ba.

Abin da rana ta yi wa kashin kajin nan kafin la'asar ba ya faɗuwa. Wari ya tashi ya hau bene ya shiga ɗaki-ɗaki, ya tsallaka katanga ya gaida maƙwabta. Ƙudajen unguwar duka suka yi ƙaura suka dawo gidan Gwaggo, har da waɗansu manya masu sheƙi da ba a taɓa ganin irinsu ba. Farar rigar aikin Sista da ta shanya a igiya ta koma mai ɗigo-ɗigo. Ga zafi kamar a mutu, ga tagogi a rufe ruf, mutane na cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana toshe da hanci.

Sista ta sauko da takunkumi biyu a fuska. "Na-Iya, a asibiti nake aiki, na ga abubuwa, na shaƙi abubuwa. Wallahi ban taɓa jin irin wannan ba."

"Ƙamshin albarka ke nan. Manomi in ya ji shi murna yake."

"To manomi, in gari ya waye abin nan yana nan, a ƙofar ɗakinka za mu tara shi."

"Ni ma da tsintsiyata," in ji matarsa daga taga.

Dole ya ɗauki shebur da baro. Yana kwasa yana mita, wai an katse wa mara lafiya magani a tsakiya, duk abin da ya biyo baya ba ruwansa. Da yake shebur bai san bambancin kashi da ciyawa ba, kafin ya gama ya kankare rabin abin da taki ya rage.

Wani da ya ga haka da ya nemi gafara ya koma wa kwaɗunansa. Na-Iya kuwa sai ya kwanta rub da ciki ya kara kunne a ƙasa, yara na kallonsa. Ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Ba ta numfashi. Ƙasar ta toshe. Sai an huda mata hanci."

Ya aro diga ya shiga sara, nan rami can rami, fili ya zama kamar fuskar mai ƙyanda. A wani sara da ya ɗaga digar har bayan ƙeya, sai aka ji ƙwas, ruwa ya fara ɓulɓulowa daga ramin. Na-Iya ya yar da diga ya ɗaga hannuwa sama.

"Jama'a! Ku fito! Na tono idon ruwa! Ku da kuka rufe mini tanki, yau ga ruwan da ba mai sa masa kwaɗo!"

Mutane suka firfito, wasu har da bokiti. Tela ya duƙa ya leƙa. "Idon ruwan naka kumfa yake yi."

"Tsabta ce ta yi masa yawa."

"Ga ƙwayar shinkafa tana yawo a ciki."

"Ƙasa mai albarka ke nan."

Yana rufe baki ruwan ya koma shuɗi. Kowa ya ja da baya. Na-Iya ya buɗe baki zai yi bayanin ma'adinai, sai muryar Sista ta sauko daga bene. "Ya koma shuɗi ko? Yanzun nan na zubar da ruwan bular wankina. Bututun ruwan datti ka fasa, gwani."

Sai da aka kira mai gyaran famfo ya tone wani dogon rami ya ratsa filin daga wannan kusurwa zuwa waccan kafin ya sauya bututun. Na-Iya na tsaye a kansa yana nuna masa yadda ake riƙe sifana, har mutumin ya ce in bai matsa ba zai haɗa da shi ya binne.

Ƙarshen wata ya matso. Abin da ya rage a filin wasu 'yan tsibirai ne na busasshen tsinke a cikin tekun ƙasa. A karo na farko Na-Iya ya zauna a shago ya yi tagumi, har mai sayen batir ya yi sallama sau uku bai ji ba. Idonsa na kan titi, sai ya sauka a kan shagon da ke tsallake, inda wani mutum ke shafa wa ƙofa sabon fenti. Kore. Kore shar, yana ɗaukar ido. Na-Iya ya miƙe a hankali, murmushi ya baje masa har kunne.

Da farko ya kewaye filin da tamfol, ya ɗaure da igiya ta ko'ina, ya ce ciyawa ta shiga matakin ƙarshe na jinya, kuma idon mutane, musamman na masu ɗinki da masu allura, shi ke hana ta tashi. Sannan ya bi kan titi da bayan makarantar unguwa ya ciko buhuna da busasshiyar ciyawa, ya baje a duk inda ƙasa ta fito. Sai ya nufi wurin mai fenti.

"Na ruwa ko na mai?" in ji mai fenti.

"Wanne ya fi ƙyalli?"

"Na mai. Amma me za ka shafa wa? In ka labta shi da kauri a zafin nan, sama ce za ta yi fata, ciki yana nan ɗanye."

"Malam, na tambaye ka tarihi? Ba ni mai ƙyallin."

Da rana tsaka, lokacin da kowa ya tafi aiki ko ya ɓuya a ɗaki, ya shige bayan tamfol da manyan gwangwanaye da tsintsiya. Ya fara da yayyafawa, ya ga abin na cin lokaci, sai ya koma kwarara yana bajewa. Inda ya ga tsinke ya ɗago kai ya ƙara masa. Wari ya tashi, Tela ya buga tamfol daga waje ya ce wannan kuma wace sabuwar annoba ce, Na-Iya ya ce maganin ƙwari ne, wanda bai iya ba ya yi shiru.

Da ya shiga ɗaki matarsa ta dubi ƙafarsa. "Me ya sami yatsunka suka yi kore?"

"Alamar nasara ce."

Ta matso ta shinshina shi, ta ja da baya ta zauna a bakin gado. "Maigida, ka ce mini ba abin da nake zato ba ne."

"Uwargida, Gwaggo kore ta ce tana so ta gani. Ta ce ga irin koren? Idonta ma ba wani gani yake sosai ba."

"To ka ji da kyau. Gobe in an tambaye ni, ni 'yar haya ce, a matakala muke haɗuwa da kai."

Washegari, ranar wa'adin Gwaggo, Na-Iya ya shiga sabuwar farar riga da hula, ya jera kujeru, ya bi gida-gida a layin ya gayyato mutane su zo su ga abin da ilimi ke yi. Aka cika tsakar gidan, har da masu leƙe ta kan katanga. Gwaggo ta iso cikin farin leshi, aka ba ta kujerar gaba. Na-Iya ya yi jawabi mai tsawo a kan mahassada da masu ƙaramin tunani, yana yi yana satar kallon Tela, sannan ya kama igiya ya fizge. Tamfol ya faɗi.

Kore ne, babu mai musu. Kore ne irin wanda Allah bai taɓa halittar ganye da shi ba, yana walƙiya a rana har sai ka kare ido da hannu. Ciyawar ta kwanta lif kamar gashin da aka shafe da mai. Duwatsun gefen fili kore. Wani silifa da ya ɓace wa yaran gidan tun tuni, ga shi can a tsakiya, kore. Wani ƙadangare ya fito daga ciki da ƙyar yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, ya hau bango ya bar sawu.

"Ikon Allah," in ji Sista. "Har dutse ya yi ganye."

"Ƙarfin jinyar ne," in ji Na-Iya, yana harararta.

Gwaggo ta ƙanƙance ido ta daɗe tana kallo. Sai fuskarta ta saki. "Kai, yaron nan, ashe dai akwai abin da ka iya! Tun da na gina gidan nan ban ga ta yi kyau haka ba."

Na-Iya ya kumbura har maɓallin rigarsa na neman tsinkewa. Ya waiwaya ya dubi Tela, ya dubi Sista, ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakinsa, inda labule ya motsa. Mutanen gidan kuwa suka kama bakinsu, kowa na addu'a a zuci tsohuwa ta tashi ta tafi a haka, ko ba komai an tsira daga siminti.

Sai Gwaggo ta sunkuya ta fara cire takalmi.

"Gwaggo, me za ki yi?"

"Likita ya ce in riƙa taka ɗanyar ciyawa ba takalmi, yana sauke hawan jini."

"A'a, Gwaggo! Jaririya ce, ba ta yi ƙwari ba! Ki bari sai wani watan!"

"A gidana za ka hana ni taka ƙasa? Matsa."

Ta ture shi da sanda ta ɗora ƙafar dama. Fatar fentin ta fashe, aka ji caɓal. Ta ɗora ta hagu, caɓal. Ta yi tsaye cak. Ta yunƙura ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta taso da wani faifan ciyawa manne da ita, zaren fenti na bin sa kamar narkakkiyar roba. Ta dogara sanda don ta ciro ɗayar, sanda ta kafe. Gefen leshinta ya sha kore har ƙwauri.

"Na-Iya," ta ce a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro. "Mene ne wannan?"

"Ruwan ganye ne, Gwaggo. Ciyawa in ta ƙoshi sosai haka take tsatsafowa."

"Fenti ne!" wani ya yi ihu daga kan katanga. "Wallahi irin na ƙofar shagona ne!"

"Ƙarya ne! Hassada ce!" Na-Iya ya juya yana nuna jama'a da yatsa. "Fenti? Ni? In fenti ne zan kwanta a kai da sabuwar rigata? Ku buɗe ido ku gani!"

Kafin kowa ya tare shi ya taka da gudu zuwa tsakiyar fili, ya juya ya faɗi da baya, ya baje hannuwa da ƙafafu. "Kun gani? Laushi kamar katifa! Sanyi kamar..."

Bai ƙarasa ba, domin ya so ya ɗaga kai ya ga fuskokinsu, kai ya ƙi ɗaguwa. Ya gwada hannu, hannu ya ƙi. Ya yi ta mutsu-mutsu kamar ƙwaron da ya kife, rana na dukan fuskarsa, fenti na shiga masa kunne.

"Tela," ya ce da 'yar ƙaramar murya. "Ɗan'uwa. Miƙo hannu."

"Ai ka iya," in ji Tela. "Tashi mana."

Sai da aka bar shi ya gasu son rai, sannan aka shimfiɗa katako, maza suka bi ta kai suka kama shi hannu da ƙafa. Aka ja, aka ji ƙiiii kamar ana yage buhu. Na-Iya ya taso da ciyawar duka a bayansa, tun daga ƙeya har dunduniya, hularsa kuwa ta zauna can. A tsakiyar fili ga hoton mutum nan a ƙasa tsirara, hannuwa a baje, ƙafafu a baje, har da inda kunnuwa suke.

Dariyar da ta ɓarke sai da ta tayar da tsuntsaye daga rufi. Na kan katanga ɗaya ya faɗo ciki, bai daina ba. Sista ta zauna a matakala tana share hawaye. Amma matan gidan, da dariyar ta lafa, suka tsaya suna duban wurin da suka saba shimfiɗa tabarma.

An ɗauko Gwaggo an zaunar, ƙafafunta biyu cikin kwanon kananzir, Sista na cuɗa mata da tsumma. Ta kira direbanta. "Je ka taho mini da magini. Yau, ba gobe ba." Sannan ta dubi taron. "Ina matar wannan abin?"

"Ta ce a gaya miki ita 'yar haya ce," in ji wata daga bene.

"Ta yi hankali." Gwaggo ta juyo ga Na-Iya, wanda ke tsaye hannuwa a buɗe don kada su manne da jiki, fenti na ɗiga daga gwiwar hannunsa. "Kai kuma kada ka motsa daga nan. Ka tsaya magini ya gan ka, don in na ba shi labari ba zai yarda ba."

Da direba ya fita ya bar ƙofar gida a buɗe, sai ga wata ramammiyar akuya ta shigo, irin waɗanda zafin bana ya hana su ganin ɗanyen ganye. Ta tsaya, ta hango kore yana tsaye da ƙafa biyu, ta nufo shi kai tsaye. Idon Na-Iya ya kawo haske.

"Kun gani? Kun gani, jama'a? Dabba ba ta ƙarya! Ita ta san ciyawa in ta gan ta!"

Akuya ta zagaya bayansa ta kai hanci. Ta shinshina sau ɗaya, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta girgiza kunnuwa. Sannan ta juya ta nufi bakin ƙofa, ta sami wani tsohon kwali ta kama ci.